Maganar Yaya a Bakina

A wurinmu uba ba ya ba da ɗiyarsa aure da bakinsa. Wansa ko ƙanensa ke zama waliyyi, shi kuwa uban ya koma gefe ya sunkuyar da kai kamar ba shi ya haife ta ba. Ni wa guda gare ni a duniya, yana Liba, a gidan da anka haife mu. Lokacin da dangin yaron da ɗiyata ta fari ke so sunka kawo gaisuwa, anka sa rana bayan an kwashe albasa, ni da Yaya muna cikin gaba, ko sallamar juna ba mu amsawa.

Siyasa ce ta raba mu. Shi yana tare da masu mulki, ni ina adawa. A zaman makokin wata gwaggonmu, ana dab da zaɓe, ya ɗaga murya gaban mutane ya ce ɗan takararmu ɓarawo ne. Na ce to, ai mai zama cikin kwamitin rabon taki shi ya fi kowa sanin kamannin ɓarawo. Yaya na cikin kwamitin. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya shige gida. Har yau ban ga laifina ba, shi ya fara. Anka yi zaɓe, masu mulki sunka ci. Manyan da munka yi faɗa dominsu sunka ci gaba da haɗuwa a bukukuwan juna suna rungume-rungume, mu kuwa muna nan inda sunka bar mu. In munka haɗu a kasuwar Jega sai ya tsaya yana taya akuyar da ba saye zai yi ba, har in wuce.

Mai ɗakina ta hana ni sakat.

"Malam, rana tana matsowa. Wa zai ba da yarinyar ga?"

"Allah ba zai hana mu waliyyi ba."

"Ai ya ba ka, yana Liba. Ka ɗauko wani na nesa ka gani, in dangin miji ba su yi mata gori har ta yi furfura ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Ni dillalin albasa ne a Aliero. Na ɗan taɓa boko, na kai aji biyu na sakandare na ga ba inda za ta kai ni. Wata rana ina rumfa ana ɗinke buhuna, sai ga ɗan wani maƙwabcina, malamin boko ne, yana koyarwa a babbar makaranta, mutum mai natsuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya buɗe guruf a waya, ya tara mutane daga Jega da Aliero da Maiyama, rabi masu mulki rabi 'yan adawa, don a riƙa magana maimakon zage-zage. Akwai mahauta, akwai direbobi, akwai malaman allo. Ba a rubutu, saƙon murya kawai, kuma gajere. Ba a zagin iyaye. Babbar doka kuwa, in anka haɗa ka da wani ya faɗi ra'ayinsa, ba ka da ikon ba shi amsa sai ka fara maimaita maganarsa da bakinka, har ya yarda cewa haka ya ce.

Na ce, "To in na faɗi tashi, shi kuma ya faɗi tawa, wa ya ci?"

Ya ce, "Baba, ba a ci a nan."

"To mi ake yi?"

"Ana saurare."

Na ce ya tafi da abinsa, ni ina da abin yi. Sai da ya miƙe ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Baba na Liba ma ya shiga." Ban san ko shi da mai ɗakina sunka ƙulla wannan ba. Na miƙa masa waya ya saka ni.

Da farko ba abin da ake yi a guruf ɗin sai gaisuwa. Mutum ya danna ya ce salamu alaikum jama'a, ina kwananmu, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi, kafin ya kai ga siyasa lokacinsa ya ƙare. Wani ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, shi ma nasa ya ƙare. Malamin bokon ya yi ta roƙo a rage gaisuwa. Wani malamin allo daga Birnin Malam ya ce shi ba zai faɗa wa mutane da magana kamar ɓarawon kaji ba. Da ƙyar anka fara. Anka haɗa direba da mahauci, sunka yi, anka haɗa wasu. Sai ya sanar cewa yanzu layin Baba na Liba ne da Baba na Aliero.

Yaya ya fara, tunda shi ne babba. Na kai wayar kunne, na ji muryar da na daɗe ban ji ba, da ɗan gyaran muryan nan da yake yi irin na mahaifinmu. Bai ambace ni ba. Ya ce kafin waɗannan mutanen su hau, in damina ta faɗi hanyar ƙauyensu ba ta biyuwa, mace mai naƙuda a amalanken shanu ake fitar da ita. Yanzu an yi kwalbati, an haƙa burtsatse. Tsada kuwa ko'ina ana kuka da ita. Ya ce 'yan adawa ba su da aiki sai surutu a teburin mai shayi.

Na danna na maimaita. Na ce wai Yaya ya ce wai an yi musu kwalbati, wai an haƙa musu wani rami. Ba a daɗe ba ya turo.

"Ba haka nic ce ba. Ni ban yi magana ta hanci ba."

Guruf ya cika da dariya. Na haɗiye, na sake, wannan karon da murya sosai, amma na tsallake zancen mai shayi.

"Da saura. Ya ci rabi."

Na jefar da wayar kan buhu. Malamin bokon ya kira ni. Ya ce Baba, kada ka ce in ji wane, ka faɗe ta kamar daga cikinka take fitowa, kamar kai ne shi. Da na koma gida cin abinci mai ɗakina ta ce, "Ka yi masa yadda yake so mana. Bakinka zai tsage?"

To ni sana'ata ke nan, yabon kayan da ba nawa ba. Albasar da ta fara tsiro ma na san yadda zan juya ta a hannu har mai saye ya ga kamar daga gona anka ciro ta yanzu. Na zaga bayan rudu, inda muke shanya albasa ta sha iska, na tsaya ni kaɗai, na gyara hula. Na ce bari in saida wa mutanen nan kayan Yaya. Na ce jama'a, ni ɗan Liba ne, na san hanyar nan tun tana cinye takalmi. Na kawo matar da ke naƙuda, na kawo shanun da sunka kafe a laka, na kawo ruwan burtsatse mai sanyi. Na ce duk wanda ya ce ba a yi aiki ba, ko makaho ne ko munafuki. Na ce 'yan adawa, ku tashi daga teburin mai shayi ku nemi sana'a. Abu guda na riƙe, ban rantse da Allah ba. Da na sake saurare ni kaina sai da na kusa sayen kayan.

Yaya ya turo: "Yauwa. Haka nic ce."

Wannan ce magana mai daɗi ta farko da ya yi mini tun makokin. Na saurare ta, na sake saurare, kamar wani yaro.

Sai na faɗi tawa. Na ce kwalbati ba a cin shi. Na ce kuɗin mota zuwa kudu ya cinye ribar albasa, manomi na wahala wani na ci, taki kuwa ba ya isa hannun mai gona. Yaya ya maimaita a karo guda, kuma ya fi ni iyawa. Ya ce shi manomi ne, ya gaji. Ya ce taki sai ɗan gidan wane da surukin wane, talaka sai dai ya ga ƙurar mota. Ya faɗi yadda ake sauke buhuna a wani gida kafin a kai wurin rabo. Ni ban faɗi wannan ba, ban ma san da shi ba. Amma ga aure a gaba, ba lokacin gyara wa Yaya magana ba ne. Na danna na ce, "Haka nic ce, Yaya."

Malamin bokon ya turo saƙo yana murna, ya ce abin da yake nema ke nan. Ni ma na ɗauka an gama, saura in sayi goro in tafi Liba.

Ranar kasuwar Jega na sauka a tasha, sai na ji muryata. Mai cajin waya ya sa ta a lasifika, tana cewa ko makaho ne ko munafuki. 'Yan kabu-kabu sun kewaye suna tafi. Wani ya fitar da saƙon daga guruf, shi kaɗai, ba na gabansa ba na bayansa, ya bi wayoyi. Na ratsa da sauri na shiga layin mahauta. Wani abokina mahauci, wanda muke adawa tare tun muna samari, ya hango ni ya ɗaga wuƙa sama.

"A'a! Ku ba da hanya, ga kwamishinan albasa! Ranka ya daɗe, a yanko na wane gefe?"

"Kai, bari. Maganar Yaya ce."

"Yaya ne ya ce mu tashi daga teburin mai shayi? Ni dai muryarka nij ji. Har da gyaran hula, ina jin ta."

Ban sayi naman ba.

Da na koma Aliero ciyaman ɗinmu na mazaɓa ya aiko a kira ni. Dattijo ne, mun sha rana tare a layin zaɓe. Na iske shi yana alwala, bai ce in zauna ba.

"Mi anka ba ka?"

"Ba a ba ni komai ba. Doka ce ta guruf. Kai ka faɗi maganar wancan, shi ya faɗi taka."

"Muryar wa ce?"

"Tawa."

"Wa ya tilasta ka?"

"Ba kowa."

"Watau kai kaf faɗi, amma ba kai kac ce ba."

"Haka ne."

Ya ce, "Kai yanzu, yadda maganar ga ta fito daga bakinka, ta zauna maka a kunne?"

Ba ta zauna ba. Na tsaya ina neman yadda zan sake jera ta, ya juya ya ci gaba da alwala. Daga ranar ba a sake kira na taro ba. Su kuwa masu mulki sunka zo rumfata su uku, da hula mai tambarinsu, suna cewa barka da dawowa gida. Na ce ni ban sauya sheƙa ba. Sunka yi dariya, sunka ce mun gane, Alhaji, a hankali ake yi, sunka ajiye hular kan buhu sunka tafi. Ni ko Makka ban je ba.

Wani direba mai bin hanyar Maiyama ya ba ni labarin ɗaya ɓangaren. Saƙon Yaya ma ya fita, ya zaga har Sarandosa. An cire shi daga kwamitin taki. 'Yan adawar can suna zuwa gaishe shi, yana korar su da sanda. Abin da gari ya yanke kuwa shi ne, ƙiyayyar da ke tsakanina da Yaya ta kai matuƙa: da ya ji na shigo jam'iyyarsu, sai ya fice ya koma wadda na bari, don kada inuwa guda ta haɗa mu. Har dangin angon sunka aiko wata tsohuwa ta tambayi mai ɗakina a sirrance, ko dai a ɗaga rana har 'yan uwa su shirya.

Malamin bokon ya zo ya durƙusa, idonsa ja. Ya yi dogon saƙo na bayani ya tura ko'ina, ba wanda ya saurara har ƙarshe. Ban zage shi ba, don na ga shi ma bai san inda abin ya kuɓuce masa ba. Wanda ya fitar da saƙon kuwa har yau ba a san shi ba, kowa a guruf ya ce ba shi ba ne.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, muryar nan tawa ta fara damuna. Duk inda na bi ina jin ta, wurin mai shayi, cikin mota, har a wayar mai ɗinkin buhu. Kuma duk sanda ta kai kan matar da ke naƙuda sai in tuna cewa ba ƙirƙira na yi ba. Matar Yaya ce. Ni da shi munka tura amalanken nan cikin laka, tun ban yi aure ba, yana kuka yana zagin shanu. To in haka ne kwalbatin ba ƙaramin abu ba ne. Amma kuma kuɗin motar ma gaskiya ne. Na rasa gane ko na yarda da maganar ce, ko kuwa dillancina ne ya ci ni, na saida wa kaina kayan.

Rana ta matso sosai. Na sayi goro na hau mota zuwa Maiyama, daga nan kabu-kabu ya kai ni Liba. Mun bi ta kan kwalbatin, na kau da kai. Na iske Yaya a zaure da hantsi yana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama. Ya daɗe kafin ya amsa, amma ya amsa. Na durƙusa na ajiye goron gabansa. Ya jawo shi da ƙafa zuwa gefen tabarma.

"Ka ga abin da kaj ja mini?"

"Ni na ja maka? Yaya, wa ya ce ka kawo zancen sauke buhuna? Ni na faɗi haka?"

"Ba kai kac ce haka nic ce ba?"

"Don girmanka na ce."

"Girma! Da can ina girman yake?"

Ya watsar da ɓawon gyaɗa, ya fara. Ya ce tun gashinsa na baƙi yake wa mutanen nan wahala, ya kwashi mata ya kai su layin zaɓe, ya ɓata da ɗan uwansa na jini saboda su, amma saƙo guda a waya sun jefar da shi kamar tsumma. Ba wanda ya zo ya tambaye shi. Ya ce ɓarayi ne, dukkansu, marasa mutunci. Ina durƙushe ina jin sa, sai na ji bakina ya ce, "Amma dai Yaya, sun yi kwalbati."

Ya tsaya da gyaɗa a hannu.

"Mi kac ce?"

"Na ce an yi kwalbati. Yanzu na bi ta kai."

"Kwalbati za ka ci? Kai da ke kukan kuɗin mota?"

"Tsada ai ko'ina ana yi."

"To ashe gaskiya ne ka koma!"

"Ni ban koma ba! Kai ne ka koma!"

Munka yi ta yi har maƙwabta sunka leƙo. Ina kare mutanen da na tsana, yana tsine wa waɗanda ya tsufa yana bi, kuma kowa da zuciya ɗaya yake yi. A tsakiya matarsa ta aiko da fura, munka sha a ƙwarya guda, munka ci gaba. Da azahar ta yi ya ja mu salla, bayan sallama ya ce in tashi in tafi kada in rasa mota. Na fito raina a ɓace. Sai da kabu-kabu ya sauke ni a Maiyama na tuna ban faɗi abin da ya kai ni ba. Ko sunan auren ban ambata ba.

Mai ɗakina ta tare ni a ƙofa.

"Mi yac ce?"

"Ban tambaye shi ba."

"Ba ka tambaye shi ba! To mi kunka yi tun safe?"

"Siyasa."

Ta riƙe haɓa. Can ta ce, "Ya karɓi goron?"

"Ya ja shi da ƙafa."

"Wajen shi ko wajenka?"

"Wajen shi."

Ta ce to shi ke nan. Ni ban ga shi ke nan ba. Na so in tura masa saƙo a waya, na danna, na ji tsoron kada wannan ma ya fita ya zaga Jega, na goge.

Ranar ɗaurin aure anka shimfiɗa tabarmi ƙofar gidana da safe. Masu mulki sunka zo don suna ganin ni nasu ne yanzu. 'Yan adawa sunka zo don sun ji waliyyi nasu ne. Sunka zauna nesa da juna suna hararar juna. Abokina mahauci ya rasa inda zai zauna, ya tsaya jikin bango. Ni ina gefe, kaina ƙasa kamar yadda uba ke yi, amma idona na kan hanya. Liman ya iso. Wakilin ango ya gyara zama. Rana ta fara zafi, mutane sun fara duban juna. Wani ɗan uwanmu na nesa, wanda na ajiye ko da za a rasa, ya matso ya taɓa ni, na yi kamar ban ji ba.

Liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?"

Ya sake tambaya. Sai daga bayan taro, wajen da anka jingine babura, na ji gyaran murya.

"Ga ni nan. Ku bari in cire takalmi."

Ashe ya daɗe da isowa, ya ƙi zama a kowace tabarma. Ya ratso tsakiyar mutane da babbar rigarsa ta salla, bai dubi waɗannan ba bai dubi waɗancan ba, ya zauna gaban liman. Wakilin ango ya nemi aure. Yaya ya ce ɗiyarsa ce, ya ba su. Anka shafa fatiha.

Da mutane sunka taso gaisawa, ciyaman ɗinmu ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu yana masa barka da zuwa cikinsu, masu hular nan kuma sunka kewaye ni suna cewa Alhaji Allah ya sanya alheri. Ta saman kafaɗunsu Yaya ya hango ni. Ya fizge hannunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai! Za ka tsaya nan, ko za ka shiga da ni in ga ɗiyata?"

Na ratsa su na wuce gaba, na ɗaga masa labulen zaure.